Kofi ko rainon 'yan wasa: da me za a auna koci?

Ɗan_Gangare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta a tsanake, ba da irin hayaniyar gidan kallo ba. A ganina bai dace a auna koci da yawan kofunan da ya ɗauka kawai ba, domin akwai kocin da yake ɗaukar kofi yana kuma danne baiwar yaran da ke hannunsa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Mikel Obi, haifaffen garin nan na Jos. Duk wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005 ya san irin yaron da Samson Siasia ya je da shi: ɗan wasan tsakiya mai kai hari, mai raba ƙwallo, wanda idan ya ɗaga kai yakan hango abin da sauran ba su gani ba. Messi ne ya zama gwarzon gasar, Mikel ya zo na biyu, Taye Taiwo na uku. Da ya isa Chelsea a 2006 sai José Mourinho ya ajiye shi a gaban masu tsaron baya, aikinsa ya koma ƙwace ƙwallo da miƙa ta ga na kusa da shi. Ya yi fiye da shekara goma a can, ya buga wasa 372, ƙwallo 6 kacal ya ci. Idan ana lissafa wa Mourinho kofunansa, me ya sa ba a lissafa masa wannan asarar? Tambayata ta biyu kuma, shin kuɗin da ake sayen ɗan wasa da shi shaida ce ta ƙwarewarsa, ko kuwa halin kasuwa ne kawai?

Ɗan_Chelsea_Dilimi: Wa'alaikumus salam. Malam Ɗan_Gangare, ka ɗora wa mutum ɗaya kayan da ba nasa kaɗai ba ne. Mourinho ya bar Chelsea a watan Satumba na 2007, wato kaka ɗaya da 'yan makonni ya yi da Mikel a zamansa na farko. Bayansa an yi Avram Grant, da Scolari, da Hiddink, da Ancelotti, da Villas-Boas, da Di Matteo, da Benítez, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya ga ya kamata ya mayar da shi gaba. Shin dukkansu ne ba su san aikinsu ba? Ka kuma tuna waɗanda ya tarar a tsakiyar filin: Lampard, da Ballack, da Essien, da Makélélé. Yaro ɗan shekara 19 ba zai ture Lampard daga wurinsa ba ko da wa ya tsaya masa. Gurbin da ake shirin buɗewa shi ne na Makélélé, wanda shekaru suka fara cim masa, kuma shi ne aka koya wa Mikel. Da wannan gurbin ya ci gasar Firimiya a 2010 da 2015, ya kuma buga wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a Munich a 2012 daga farko har ƙarshe. Ni a wurina an ba shi sana'ar da ta riƙe shi shekara goma a babbar ƙungiya, ba a kashe masa komai ba.

Baban_Khalifa: Ina goyon bayan Ɗan_Gangare a rabin maganarsa. Gaskiya ne an ba Mikel sana'a, amma an ba shi wadda Chelsea take buƙata, ba wadda ta fi dacewa da shi ba. Babbar ƙungiya ba ta da lokacin raino, sakamakon ranar Asabar take nema. Da ya fara zuwa wata ƙungiya matsakaiciya a Holan ko Faransa ya yi shekara uku yana buga inda ya saba, da wani Mikel ɗin daban muka gani.

Akanta_Terminus: Bari in ɗauki tambaya ta biyu, tunda lissafi ne aikina. Cinikin Mikel kansa ya isa ya nuna cewa farashi ba ma'aunin ƙwarewa ba ne. Chelsea ta biya fam miliyan 16 a 2006, amma fam miliyan 12 daga ciki Manchester United aka ba, alhali bai taɓa buga mata ko wasa ɗaya ba, sauran miliyan 4 kuma suka tafi wurin Lyn ta Oslo, ƙungiyar da ya fito. Mafi yawan kuɗin nan na kashe rigimar kwantiragi ne, ba na ƙafar yaron ba. Abubuwan da suke ɗaga farashi sanannu ne: shekarun ɗan wasa, da shekarun da suka rage a kwantiraginsa, da gasar da yake bugawa, da yawan ƙungiyoyin da ke zawarcinsa, da kuma irin matsin da mai saye yake ciki. Ɗan wasan da saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, ko da ya fi kowa iyawa, ƙungiyarsa ba ta da bakin tsawwala kuɗi, domin in ta yi jinkiri zai tafi kyauta.

Akwai kuma abin da masu kallo ba su cika lura da shi ba. A littafin ƙungiya ba a rubuta kuɗin saye a dunƙule, ana raba shi ne a kan shekarun kwantiragi. Shi ya sa Chelsea ta riƙa ba 'yan wasa irin su Enzo Fernández da Mudryk kwantiragin fiye da shekara takwas, har sai da hukumar ƙwallon Turai ta taƙaita rabon zuwa shekara biyar a 2023. Shi kuwa yaron da ƙungiya ta rena da kanta, idan ta sayar da shi duk kuɗin riba ne a littafi, kamar yadda ya faru da Mason Mount lokacin da ya koma Manchester United. Saboda haka wani lokaci akan sayar da ɗan wasa ba don koci ya gaji da shi ba, sai don littafi ya daidaita.

Ɗan_Farin_Gada: Malam Akanta, na gode da wannan bayani. To ina za mu sa Ahmed Musa a wannan lissafi? Leicester ta saye shi fam miliyan 16.6 daga CSKA Moscow a 2016, a lokacin babu wanda ta taɓa saye da tsada haka, amma ƙwallo 2 ya ci mata a Firimiya a kakarsa ta farko. Mutanen Ingila sun ce kuɗin ya tafi a banza. Mu kuwa mun san mutumin da ya ci Ajantina ƙwallo biyu a 2014, ya kuma ci Iceland biyu a 2018. Wane ne yake da gaskiya?

Baban_Khalifa: Dukkanku kuna da gaskiya, kuma nan ne laifin koci yake fitowa fili. Musa ya zo ƙungiyar da ta riga ta ci kofi da tsari guda, Vardy a gaba, Mahrez da Albrighton a gefe, kuma kocinta Ranieri ya kasa tsayar da shawara a kan inda zai sa shi. Yau a gefe, gobe a gaba, jibi a benci. A Rasha ya ci gasa sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, saboda an san cewa gudunsa ne makaminsa, ana kuma jefa masa ƙwallo a bayan masu tsaron baya. Ɗan wasan bai canja ba tsakanin Moscow da Leicester, amfanin da aka yi da shi ne ya canja. Da ya haskaka a gasar cin kofin duniya ta 2018, sai ga Al-Nassr ta Saudiyya ta zo da kuɗi mai kauri. Wasa ɗaya da Iceland ya gyara farashin da kaka guda ta ɓata.

Ɗan_Chelsea_Dilimi: Tunda an kawo Ranieri, shi ne misalin da ya fi wahalar da ma'aunin Ɗan_Gangare. Vardy ya zo daga Fleetwood a kan fam miliyan 1 a 2012, Mahrez ya zo daga Le Havre a 2014 a kan kuɗin da bai kai rabin miliyan ba, duka a zamanin Nigel Pearson. Kanté kuwa sashen farautar 'yan wasa ƙarƙashin Steve Walsh ne ya gano shi a Caen. Ranieri bai reni kowa a cikinsu ba, amma shi ne ya haɗa su suka ci Firimiya a 2016, aka kuma sallame shi a watan Fabrairu na 2017. Idan raino ne ma'auni, to Ranieri ba shi da maki, kuma babu mai hankalin da zai yarda da haka.

Koci_Rikkos: Ina gaishe ku duka. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa, kuma abin da ya dame ni shi ne duk kocin da kuka ambata ya karɓi ɗan wasa ne bayan an gama aikin da ya fi wuya. Yaro ba ya koyon tsayar da ƙwallo yana ɗan shekara 19. Yana koyonta ne tsakanin shekara 9 da 15, kuma a garin nan mu ne muke tsaye a kansa a wannan lokacin.

Ku zo filin da muke atisaye da asuba a watan Disamba, lokacin da sanyin Jos yake sa yatsu su ƙage. Filin makarantar firamare ne, jar ƙasa da tsakuwa, sai mun tsince duwatsu kafin mu fara. Ƙwallo uku muke da su ga yara sama da talatin. Wani yaron takalminsa na yayansa ne, ya cusa takarda a gaba don ya zauna masa, wani kuma sai an sauya shi sannan ya cire nasa ya ba wanda zai shiga. A nan ake koya wa yaro ya duba bayansa kafin ƙwallo ta iso shi, a nan ake tilasta masa bugawa da ƙafar hagu har ta saba. Da ƙarfe bakwai da rabi dole mu tashi domin ɗalibai su shiga aji, kuma duk yaron da na samu labarin ya gudu daga makaranta ba ya buga wasan Asabar.

Akwai yaron da na riƙe tun yana aji huɗu na firamare har ya gama ƙaramar sakandare. Wani mutum ya zo ya ce shi wakilin 'yan wasa ne, ya zauna da mahaifin yaron, ya tafi da shi Kudu. Bayan wani lokaci na ji ya fita waje. Da aka nuna mini takardunsa, sai na ga sunan wata makarantar ƙwallo da bai taɓa taka filinta ba a matsayin wadda ta rene shi. Ban yi wa yaron baƙin ciki ba, har gobe ina yi masa addu'a. Amma idan kuna maganar tarihin koci, ku sani akwai kocin da tarihinsa ba ya shiga kowace takarda.

Malam_Nasarawa_Gwom: Allah ya saka da alheri, Koci. Abin da ka faɗa ya yi daidai da halin manomin dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu: shi ne yake shan wahalar shuka da taki da feshi, ɗan kasuwa ya zo ya saye a bakin gona da arha, riba ta gaske kuma sai buhu ya isa Legas ake cinta. Haka 'yan wasanmu suke. Ahmed Musa da Moses Simon duk sun bi ta makarantar ƙwallo ta GBS. Simon ya tafi Trenčín a Sulobakiya, daga nan Gent ta ɗauke shi a farkon 2015 suka ci gasar Beljiyam a shekarar, sannan Levante, sannan Nantes inda ya ci kofin Faransa a 2022. A kowane mataki darajarsa tana ƙaruwa ne a hannun wasu.

Akanta_Terminus: Malam, a nan akwai gyara kaɗan. Manomin dankali ba shi da wani haƙƙi bayan buhu ya bar gonarsa, amma wanda ya reni ɗan wasa yana da shi a dokar FIFA. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin domin ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 na kuɗin cinikin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana da kashi 0.5. Idan aka sayar da yaro yuro miliyan 10, wanda ya riƙe shi waɗannan shekaru huɗu na farko yana da yuro dubu 100, kuma duk lokacin da aka sake irin wannan cinikin zai sake samu. Tun daga ƙarshen 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Paris da kuɗin yake bi ta cikinsa. Sharaɗin shi ne sunan ƙungiyarka ya kasance a fasfon ɗan wasan, wato takardar da take nuna inda ya yi rajista shekara bayan shekara. Koci_Rikkos, wannan ne ya sa mutumin nan ya sa sunan wata makaranta. Ya san abin da yake nema.

Koci_Rikkos: Na fahimta, Malam Akanta. Ina da littafin da nake rubuta sunan kowane yaro da ranar da ya fara zuwa da sa hannun mahaifinsa, amma na san wannan littafin ba zai tsaya a gaban FIFA ba sai ƙungiyar tana da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, an kuma shigar da yaran a tsarin hukumar ta ƙasa. Yawancinmu kuɗin rajistar ne yake gagararmu, domin daga aljihunmu muke sayen ƙwallo da ruwan sha.

Maman_Abba_Bukuru: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da maganar iyaye, domin mu ma muna cikin wannan lissafin. Ɗan ƙanwata yana da shekara 16 wani ya zo ya ce zai kai shi gwaji a Turai, ya nemi kuɗin biza da na jirgi. Uwar ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan awakinta, dangi muka haɗa sauran. Yaron bai wuce wani masauki a wata ƙasar Afirka ta Yamma ba, ya zauna watanni babu ƙungiya babu gwaji, sai da muka sake haɗa kuɗin mota ya dawo. Daga baya ne wani ya gaya mana cewa dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa ya buga ƙwallo, in ban da wasu 'yan dalilai. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo. Idan mai irin wannan suna ya jira, wane ne ɗan ƙanwata? Kocin da zan yaba wa shi ne wanda zai zaunar da iyaye ya gaya musu wannan gaskiyar tun kafin su sayar da abin hannunsu.

Ɗan_Gangare: Hajiya, Allah ya mayar da alheri, ya kuma shirya mana yaranmu. Maganarki da ta Koci sun faɗaɗa abin da na fara da shi, amma ina so mu koma kan manyan kociyoyi, saboda su ne ake rubuta tarihinsu. Ku ɗauki marigayi Stephen Keshi. Ya je gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu da 'yan wasa shida daga gasar cikin gida, ya bar manyan sunaye irin su Odemwingie da Obafemi Martins. Sunday Mba, wanda yake buga wasa a gida, shi ne ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi ne kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Godfrey Oboabona na Sunshine Stars ya tsare baya, daga nan ya samu ƙungiya a Turkiyya. Ogenyi Onazi, wani ɗan Jos ɗin, yana da shekara 20 aka damƙa masa tsakiyar fili. Wannan shi ne kocin da nake nufi, wanda ya ci kofi ya kuma ɗaga darajar waɗanda ba a san su ba.

Ɗan_Farin_Gada: Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ba na musun aikin Keshi, amma adalci shi ne a karanta tarihin duka. Shi ne ya samo wa Togo gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta 2006, shi ne ya kai mu zagaye na biyu a 2014, kuma a hannunsa ne muka kasa zuwa gasar Afirka ta 2015 muna riƙe da kofin. Gernot Rohr kuma, wanda ake zargi da ƙin 'yan wasan gida, ya kai mu gasar cin kofin duniya ta 2018 daga rukunin da ke da Aljeriya da Kamaru da Zambiya tun saura wasa ɗaya, ya zo na uku a gasar Afirka ta 2019, kuma shi ne ya fara sa Osimhen da Chukwueze a babbar tawaga. Kocin ƙasa kwanaki kaɗan yake samu da 'yan wasa kafin kowane wasa. Zaɓe yake yi, ba raino ba.

Tsohon_Jets: 'Ya'yana, ni na ga Mighty Jets da idona, na ga Sam Garba da Ismaila Mabo suna wasa a garin nan. Jets ce ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972. A lokacin ɗan wasa yakan yi shekaru a ƙungiya ɗaya, yaran unguwa suna zuwa kallon atisaye suna kwaikwayon manya, kuma babba yakan kama hannun ƙarami ya gyara masa tsayuwa. Rainon ba na koci kaɗai ba ne, na ƙungiya ne gaba ɗaya. Mabo ɗin nan shi ne daga baya ya kai tawagar mata ta Najeriya zagayen 'yan takwas a gasar cin kofin duniya ta 1999, kuma abin da ya koya a nan ya tafi da shi. Yanzu kuwa ina zuwa filin wasa na hanyar Zariya, kafin in riƙe sunan ɗan wasa ya tafi. Kennedy Boboye ya ci wa Plateau United gasa a 2017, karo na farko a tarihinta, amma bai daɗe ba ya bar ƙungiyar, ya je Akwa United ya ci mata a 2021. Fidelis Ilechukwu ya kai mu na biyu a 2022, ya koma Rangers ya ci gasa a 2024. Idan koci bai san ko zai kai baɗi ba, don me zai sa ɗan shekara 17 ya yi kuskuren da zai jawo a kore shi?

Malam_Nasarawa_Gwom: Baba, ka taɓo inda ciwon yake. Yawancin ƙungiyoyin gasarmu na gwamnatocin jihohi ne, kasafinsu na shekara ɗaya ne, kwantiragin 'yan wasa ma gajere ne, saboda haka yaro yana haskakawa sai ya tafi ba tare da ƙungiya ta samu abin kirki ba. Ku kwatanta da Remo Stars, wadda mai ita ya gina makarantar Beyond Limits a Ikenne, ya bar koci Daniel Ogunmodede a kan aiki duk da cewa sun yi ta kusantar kofi suna rasawa, har suka ci gasa a 2025. A Senegal, Génération Foot tana da yarjejeniya da Metz, ta nan Sadio Mané da Ismaïla Sarr suka fita. A Ghana, Right to Dream ce ta reni Mohammed Kudus ta kai shi Nordsjælland, daga nan Ajax. Waɗannan wuraren ba su fi Jos yara masu baiwa ba. Tsarin da yake bin yaro daga ƙuruciya har cinikinsa na biyu da na uku ne suke da shi.

Baban_Khalifa: Akwai abin da ba mu faɗa ba, kuma yana rage farashin yaranmu tun kafin a fara ciniki, wato shakkar shekaru. Tun 2009 FIFA take gwajin ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17. Mun ci wannan kofin sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma ba kowane gwarzon gasar ne yake zama babban ɗan wasa ba. A 2015 Kelechi Nwakali ne gwarzo, Arsenal ta ɗauke shi, bai taɓa buga wa babbar ƙungiyarta wasan gasa ba. Ba ina cewa shekaru ne matsalarsa ba, ina cewa kofin yara ba ya tabbatar da komai a kan gobe.

Ɗan_Chelsea_Dilimi: A wannan tawagar ta Emmanuel Amunike ne Osimhen ya ci ƙwallo 10, kuma tafiyarsa ta amsa tambayoyin biyu a lokaci guda. Ya je Wolfsburg bai ci ko ƙwallo ɗaya ba, ga rauni ga rashin lafiya. Charleroi ta karɓe shi aro a 2018, ya ci ƙwallo 20, ta saye shi a kan kusan yuro miliyan 3.5, ta sayar wa Lille a 2019. Shekara ɗaya bayan haka Napoli ta ɗauke shi a kan kusan yuro miliyan 70. A 2023 ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya, Napoli ta ɗauki kofin da ta yi shekara 33 tana nema, ya zama gwarzon Afirka. To wa za a ba ladan? Amunike, ko kocin Charleroi da ya amince da shi lokacin da wasu suka ƙi, ko Galtier na Lille, ko Spalletti na Napoli? Kocin Wolfsburg kuma, a rubuta masa asara kamar yadda ake so a rubuta wa Mourinho?

Akanta_Terminus: Ko wannan miliyan 70 ɗin ma sai an duba shi da kyau, domin cinikin ya haɗa da 'yan wasa huɗu da Napoli ta ba Lille, aka yi musu kuɗi kusan yuro miliyan 20, har masu bincike a Italiya suka shiga maganar. Abin da ya kamata ƙungiyoyinmu su koya shi ne sharaɗin samun kaso a ciniki na gaba. Independiente del Valle ta Ekwado ta sayar wa Brighton da Caicedo a kan 'yan miliyoyi kaɗan a 2021, amma ta riƙe kasonta, da Chelsea ta saye shi fam miliyan 115 a 2023 sai ta samu fiye da kuɗin farko. Wanda yake cikin matsin biyan albashi kuwa yakan gwammace a ba shi kuɗi a hannu yau ya yafe na gobe.

Ɗan_Gangare: Ɗan_Chelsea_Dilimi, amsata ita ce a rubuta wa kowa abin da ya yi. Wolfsburg ba ta canja wa Osimhen matsayi ba, ta dai kasa jiransa. Mikel kuwa an sauya masa hanya gaba ɗaya, kuma hujjata tana nan a wasanninsa na Najeriya. A 2013 da Keshi ya sa Onazi a bayansa ya sake shi ya matsa gaba, mun ga yadda yake riƙe ƙwallo yana raba ta, haka ma a gasar Olamfik ta 2016 da ya jagoranci tawagar Siasia ta ci tagulla. Baiwar tana nan, a Landan ne ba a nemi a gan ta ba.

Ɗan_Chelsea_Dilimi: Ni kuma ina ganin natsuwar da ya nuna a 2013 a Chelsea ya koye ta. Shekara bakwai yana karɓar ƙwallo a wurin da kuskure ɗaya yake zama ci a raga, shi ya sa babu wanda ya iya ƙwace ta a ƙafarsa a Afirka ta Kudu. A kan wannan ba na jin za mu daidaita.

Koci_Rikkos: Ni dai a cikin yaran da nake da su yanzu akwai ɗan shekara 13 da yake son buga tsakiya mai kai hari, amma tsayinsa da ƙarfinsa sun sa duk wanda ya gan shi yake cewa in mayar da shi baya. Na bar shi inda yake so har ya kai 15, sannan mu duba. Malam Akanta, idan ba damuwa, ka rubuto mana takardun da ake buƙata wajen yi wa ƙaramar ƙungiya rajista da hukumar jiha, domin mu uku ne a unguwarmu da muke tunanin haɗa yaranmu a ƙarƙashin suna ɗaya mu raba kuɗin.